Rundunar Takarda ta Birnin Vilna

A shekarar 1942, a birnin Vilna da ke ƙasar Lituweniya ta yau, kowace yamma akan ga dogon layin mutane a bakin wata ƙofar katako da ke titin Rudnicki. Yahudawa ne da Jamusawa suka cusa cikin 'yan lungunan tsohon gari, suka toshe ko'ina, suka bar musu wannan ƙofa guda. Irin wannan unguwa ita ake kira geto. Da sassafe a kora su aikin tilas, da yamma a dawo da su, a tsaya ana lalube kowa. Rabon abincin da ake ba su ba ya riƙe rai, don haka kusan kowa yana da abin da ya ɓoye a jikinsa: gutsuren burodi, dankali biyu, ɗan gari ƙulle a tsumma. Wanda aka kama, duka shi ne mafi sauƙin abin da zai gani. Wani daga nan sai kurkuku, daga kurkuku sai dajin Ponar, inda ba a dawowa.

Cikin layin nan akwai wasu mutane da abin da ke ɗaure a ƙugunsu da ƙirjinsu ba abinci ba ne. Takardu ne. Wasiƙun marubuta, rubutun hannu, zane-zane, tsofaffin littattafai, an naɗe a jiki an ɗora rigar sanyi a kai, wasu an cusa cikin takalma. 'Yan sandan ƙofa, waɗanda su ma Yahudawa ne da Jamusawa suka ɗora, su suka laƙaba musu suna don ba'a, wai Rundunar Takarda. Mutanen geto da dama suna yi musu kallon waɗanda hankalinsu ya taɓu. Ana fama da yunwa, kai kuma ka sayar da ranka a kan takarda? Su kuwa lissafinsu daban ne. Ba su sa ran za su ga ƙarshen yaƙin ba, tunda kowa ya san inda ake kai mutane. Sun dai yi imani cewa wani zai tsira, kuma wanda ya tsira zai nemi sanin ko shi ɗan wane ne.

Sai an san Vilna ta kafin yaƙi za a gane abin da suke ɗauke da shi. Gari ne na malamai da littattafai. Yahudawa kimanin 60,000 ne a cikinsa, kusan sulusin mutanen garin, da wuraren ibada fiye da 100, har ana yi masa kirari da Ƙudus ta Lituweniya. A nan babban malaminsu Iliya, wanda ake kira Gaon na Vilna, ya zauna har rasuwarsa a 1797. A nan maɗaba'ar gidan Romm ta buga Talmud, babban kundin shari'arsu, bugun da har yau tsarin shafukansa ake bi. A nan kuma ɗakin karatu na Strashun yake, wanda wani attajirin malami ya bar wa jama'a wasiyyar littattafansa, inda dattijo mai gemu da ɗalibi marar hula kan raba benci ɗaya.

A 1925, lokacin garin yana hannun Poland, aka kafa wata cibiya mai suna YIVO, wadda masanin harshe Max Weinreich ya zama jigonta. Aikinta nazarin harshen Yidish da rayuwar masu jin sa. Yidish shi ne harshen gida da kasuwa na Yahudawan Gabashin Turai, mutum wajen miliyan 11 a wancan zamani. Da baƙaƙen Ibrananci, harshen addininsu, ake rubuta shi, kamar dai yadda kakanninmu suka ari baƙaƙen Larabci suka rubuta Hausa da ajami, kuma ya daɗe yana shan rainin masu ilmi. YIVO ba ta da gwamnati a bayanta, ba ta da kuɗin a zo a gani. Sunayen Einstein da Freud suna cikin jerin iyayen cibiyar, amma ƙarfinta na gaske talakawa ne. Ɗaruruwan masu sa kai a garuruwa da ƙauyuka, malaman makaranta da leburori da ɗalibai, su ke bi suna rubuta karin magana, waƙoƙi, tatsuniyoyi da kalmomin masu sana'a, su tattaro tsofaffin wasiƙu da sanarwar da aka manna a bango, su liƙa kan sarki su aika Vilna. Cibiyar tana da sashe na musamman na wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunan shahararriyar 'yar wasa Esther-Rokhl Kaminska, inda aka tara rubutattun wasanni, hotunan 'yan wasa, takardun talla da wasiƙunsu. Akwai takardun marubuta da masu sharhin adabi. Mai zane Marc Chagall da kansa ya ziyarci gidan a 1935. Har gasa suka shirya wa matasa sau uku, a 1932 da 1934 da 1939, kowa ya rubuto tarihin rayuwarsa, aka sami fiye da 600. Ranar da aka tsayar don sanar da waɗanda suka ci gasar ƙarshe ita ce 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta auka wa Poland.

Yaƙin ya sami Weinreich a Denmark, yana kan hanyar zuwa wani taron masana harshe. Bai koma gida ba. A 1940 ya isa New York, ya tayar da YIVO a can da hannu biyu, babu takardunta.

Sojojin Jamus sun shiga Vilna ran 24 ga Yuni 1941. Cikin 'yan makonni aka fara kisa a Ponar, wajen kilomita 10 daga gari, cikin manyan ramukan da Sobiyet suka haƙa don ajiyar mai lokacin da garin yake hannunsu. A watan Satumba aka kafa geto. Kafin shekarar ta ƙare, Yahudawan da suka rage a raye a ciki kimanin 20,000 ne.

'Yan Nazi suna da hukuma ta musamman ta wawashe littattafai da kayan tarihi, ƙarƙashin Alfred Rosenberg. Sun buɗe wata cibiya a Frankfurt inda suke son su riƙa nazarin Yahudawa bayan sun gama da Yahudawan, don su kafa wa ƙiyayyarsu hujja da sunan ilmi. Cikin mutanen farko da suka tilasta wa rubuta musu jerin taskokin Vilna akwai masani Noah Prylucki, wanda aka kashe tun a watan Agusta 1941. A farkon 1942 sai ga Dokta Johannes Pohl ya sauka. Tsohon limamin Katolika ne, ya yi karatu a birnin Ƙudus, yana ɗan jin Ibrananci, shi ne kuma gwanin hukumar a kan littattafan Yahudawa. Da ya ga yawan abin da ke garin, ya san shi da mutanensa ba za su iya tantancewa ba. Dole sai masu harshen. Aka kira Herman Kruk, mai kula da ɗakin karatun geto, da Zelig Kalmanovich, ɗaya daga shugabannin YIVO, aka ce su haɗa ma'aikata. Suka tara mutum wajen 40, wasu na dako, wasu na tantancewa. Aka mai da ginin YIVO da ke titin Wiwulski, a wajen geto, ya zama rumbun da ake jibge abin da aka kwaso daga ɗakunan karatu da majami'u da gidajen tarihi na Vilna da kewayenta.

Umarnin da aka ba su shi ne su ware abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba a aika Jamus. Sauran kashi 70 a kai masana'antar takarda a jiƙa a niƙe, ana sayar da tan ɗaya mak 19 na kuɗin Jamus.

A nan ne nauyin labarin yake. Waɗannan mutane ba baƙin takardun ba ne. Kalmanovich shekaru ya yi yana aiki a wannan gini, ya san abin da ke cikin kowane kwali, wataƙila har ya san hannun wanda ya aiko. Yanzu an zaunar da shi an ce da hannunsa zai nuna wanda za a bari da wanda za a hallaka, daidai lokacin da ake yi wa mutanensa irin wannan tankaɗe a bakin ƙofa, wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu. Masu sa ido a kansu kuma ba su san darajar abin ba. Sau da yawa da kyan bango ake yanke wa littafi hukunci, mai sheƙi ya tafi Frankfurt, tsohon rubutun hannu da ya yage ya tafi niƙa. Fatun da aka rubuta Attaura a kai an sayar da su ga masu gyaran takalma. Farantan dalma na maɗaba'ar Romm, aikin shekaru, an narkar da su. Har an taɓa zubar da akwatunan littattafai masu wuyar samu daga taragon jirgin ƙasa don a sami wurin loda aladun da wani jami'i zai kai kasuwar bayan fage.

Cikin ma'aikatan akwai abokai biyu, dukansu marubuta waƙoƙi na ƙungiyar matasan marubutan Vilna. Avrom Sutzkever, haifaffen 1913, mutum ne mai zurfin ciki, wanda waƙa ce rayuwarsa. Kafin ya fara wannan aiki an harbe mahaifiyarsa a Ponar, jaririn da matarsa ta haifa a asibitin geto kuma an kashe shi, domin Jamusawa sun haramta haihuwa. Shmerke Kaczerginski, haifaffen 1908, maraya ne da ya tashi a gidan marayu, ɗan gari mai faran-faran, ya san kowane lungu da kowane mai gadi, waƙoƙinsa suna bakin ma'aikata tun kafin yaƙi. Su biyun nan suka zama ƙashin bayan fasa-ƙwaurin.

Dabarunsu suna da yawa. Jamusawan sukan tafi cin abincin rana su daɗe, mai gadin da aka bari kuma ana iya lallaɓa shi. A wannan tsakani ne abokai 'yan Poland da 'yan Lituweniya kan leƙo, a miƙa musu ƙunshi su tafi da shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Ona Shimaite, ma'aikaciyar ɗakin karatun jami'ar Vilna, wadda kan shiga geto da sunan karɓo littattafan da ɗalibai suka ara, ta fito da takardu ta ɓoye. A 1944 aka kama ta, aka gana mata azaba, aka tura ta sansanin Dachau, amma Allah ya yi da sauran kwananta. Wasu takardun a rufin ginin YIVO aka cusa su. Mafi yawa dai a jiki aka shigar da su geto, kaɗan-kaɗan, wata da watanni. In labari ya zo cewa yau Bajamushe ne da kansa a ƙofa, sai a yi ta kewaye-kewaye a titi ana jan ƙafa, ko a sauke kayan a wani wuri sai gobe. Sutzkever ya taɓa roƙon wani jami'i ya ba shi takardar izinin shiga da tarkacen takardu don hura murhu saboda sanyi. Aka ba shi. Da wannan izini ya shigar da wasiƙun marubuta irin su Tolstoy da Gorky da Bialik da Sholem Aleichem, da zanen Chagall. Ta irin waɗannan hanyoyi aka tserar da littafin ajiyar bayanan gidan karatun Gaon na Vilna, da wani littafin da jagoran Yahudawa Theodor Herzl ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum yana saurayi.

Shigarwa rabin aiki ne, sai kuma wurin ajiya. An binne wasu a ƙarƙashin daɓe, an toshe wasu cikin bango, wasu Kruk ya saje su da littattafan ɗakin karatunsa. Babbar maɓoya ita ce ta gida mai lamba 6 a titin Shavel. Wani matashin injiniya, Gershon Abramovich, ya haƙa ta can cikin ƙasa, zurfin da ya kusa mita 20, ya ja mata wuta da hanyar iska, don ya ɓoye mahaifiyarsa da ta shanye. Ya yarda a kawo akwatunan takardu su zauna tare da tsohuwar. A watan Maris 1943 Sutzkever ya rubuta wata waƙa da ya kwatanta waɗannan takardu da ƙwayoyin alkamar da aka ce an tono a kabarin Fir'auna, aka shuka bayan dubban shekaru suka tsiro.

Kada a ɗauka mutanen geto ba su damu da karatu ba. Ɗakin karatun Kruk cike yake kullum, har a ƙarshen 1942 aka yi bikin ba da aron littafi na 100,000. Kada kuma a ɗauka Rundunar Takarda ba ta san bindiga ba. Da yawansu 'yan ƙungiyar asiri ce ta masu shirin tawaye. Makamai sun bi hanyar da takardu suka bi, kuma cikin tarin littattafan aka tsinci wani na sojan Sobiyet mai koyar da haɗa gurneti, aka yi aiki da shi.

Akwai saɓani a tsakaninsu wanda ya cancanci a tsaya a kai. Kalmanovich, dattijon cikinsu, ra'ayinsa shi ne a tura duk abin da za a iya turawa Jamus. Hujjarsa ita ce Jamus za ta faɗi, ko ba jima ko ba daɗe, kuma ɓarawo yakan adana abin da ya sata, don haka bayan yaƙi za a tarar da kayan a can. Matasan suna ganin wannan miƙa wuya ne. A ƙarshe an bi hanyoyin biyu, ana ɓoyewa a gida, ana kuma cusa abubuwa masu daraja cikin akwatunan Frankfurt. A ganina babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin babu wanda ya san inda wuta za ta faɗa. Amma tarihi ya gaskata dattijon fiye da yadda kowa ya zata.

A watan Satumba 1943 aka rushe geto. Kwanaki kaɗan kafin haka Sutzkever da matarsa da Kaczerginski suka sulale zuwa daji wajen mayaƙan sari-ka-noƙe. Kalmanovich da Kruk aka kwashe su zuwa sansanonin bauta a Estoniya. Kalmanovich ya rasu a can a 1944. Kruk kuwa bai daina rubutu ba. Tun ranar da Jamusawa suka shigo yake rubuta abin da ke faruwa kullum, ya binne kaso mai yawa a geto, ya ci gaba a sansani a kan duk guntun takardar da ya samu. Ran 17 ga Satumba 1944 ya tara shaidu shida ya binne shafukansa na ƙarshe a gabansu. Kashegari aka harbe shi tare da sauran fursunoni aka ƙone gawarwakinsu, sojojin Sobiyet suna dab da isowa. Mutum ɗaya cikin shaidun ya tsira, ya koma ya tono, ya kai Vilna.

Sutzkever, wanda waƙoƙinsa suka riga shi isa Mosko, an aiko jirgin sama na musamman ya ɗauke shi daga daji a watan Maris 1944. Da sojojin Sobiyet suka karɓe Vilna a watan Yuli, shi da Kaczerginski suka dawo. Abin da suka fara tararwa shi ne ginin YIVO ya zama toka, duk abin da aka ɓoye a rufinsa ya tafi. Wasu maɓoyan Jamusawa sun gano su sun ƙone. Ta titin Shavel ta tsira. Suka shiga da shebur suna tono, takardu suna fitowa, mutum-mutumin da masu sassaƙa suka yi suna fitowa daga ƙasa. Sutzkever ya ba da labarin cewa yana cikin tono ya kama wani hannu, ya zaci na sassaƙa ne, ashe na mutum ne, ɗaya daga waɗanda suka mutu a maɓoyar aka binne su a wurin.

Cikin makonni biyu suka buɗe gidan tarihin Yahudawa, da farko a ɗakin da suke kwana. Suna tsammanin wahala ta ƙare. Kaczerginski ma ɗan gurguzu ne tun yana yaro, ya yarda da sabuwar gwamnati da zuciya ɗaya. Sai ga shi babu albashi, babu mota, babu izinin komai, jami'an tsaro suna zuwa suna tambaya. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne tarin takardun YIVO, tan masu yawa, da aka gano a farfajiyar hukumar kwashe shara, waɗanda Jamusawa ba su kai ga niƙewa ba. Yana ta zirga-zirgar neman motar da za ta kwaso su, sai aka loda su a jirgin ƙasa aka kai masana'antar takarda. Wannan karon ba 'yan Nazi ba ne. Waɗanda suka zo da sunan ceto ne.

Sai suka koma tsohuwar sana'arsu. Abin da suka sato daga hannun Jamusawa, suka shiga sato shi daga gidan tarihin da su da kansu suka kafa. Ana ba masu ƙaura zuwa Poland ƙunshi-ƙunshi, su ma da suka tashi fita suka cika jakunkunansu. Daga Poland zuwa Paris, daga Paris zuwa hannun Weinreich a New York. Littafin Kruk da na Herzl ta wannan hanya suka bi. Wasu abokansu kuma suka nufi Falasɗinu da nasu kason. Ana cikin haka, ran 27 ga Fabrairu 1946, Sutzkever ya tsaya a gaban kotun Nuremberg mai shari'ar manyan 'yan Nazi ya ba da shaidar abin da aka yi a Vilna. An ce ya zauna ya ƙi, a tsaye ya yi maganarsa. Rosenberg yana cikin waɗanda ake tuhuma, kuma an rataye shi a watan Oktoba na shekarar. Pohl kuwa Amurkawa sun tsare shi na ɗan lokaci suka sake shi, ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya mutu a 1960.

Hasashen Kalmanovich ya tabbata a 1945, lokacin da sojojin Amurka suka tarar da tsibin littattafan sata a Frankfurt da wani ƙaramin gari mai suna Hungen. Aka tara su a wani rumbu a Offenbach ana neman masu su. A 1947 akwatuna 420 na kayan Vilna suka sauka a New York. Su ne ginshiƙin taskar YIVO ta yau.

Saura abin da aka bari a Vilna, wanda ya fi ƙarfin jaka. A 1948 shugaban Sobiyet Stalin ya juya wa al'adun Yahudawa baya gaba ɗaya. Aka kashe babban ɗan wasan kwaikwayo Solomon Mikhoels, aka kama marubutan Yidish, aka harbe fitattunsu a watan Agusta 1952. A 1949 aka rufe gidan tarihin Yahudawa na Vilna. Takardunsa aka zube su a hukumar ajiyar littattafai ta Lituweniya, wadda ke cikin tsohuwar cocin Saint George da gwamnati ta ƙwace. Shugaban hukumar wani ɗan Lituweniya ne mai suna Antanas Ulpis. Ba Bayahude ba ne, kuma ma'aikacin gwamnati ne da ke da abin da zai rasa. A zamanin da riƙe takarda mai baƙaƙen Ibrananci kan iya kai mutum Saberiya, aka buƙaci a hallaka kayan. Ulpis bai hallaka ba. Ya tura su ɗakunan ƙasa da lungunan cocin, cikin tsibin wasu littattafai, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya rasu a 1981, duniya ba ta san abin da ya yi ba.

Cikin mutanen wannan labari, shi ne wanda na fi yawan tunawa. Sutzkever da abokansa gadon iyayensu suke karewa, kuma mutuwa ta riga ta tsaya musu a ka ko sun ɗauki takarda ko ba su ɗauka ba. Ulpis kuwa amanar wasu ce ta faɗo hannunsa, masu ita sun mutu ko sun watse, babu mai zuwa ya tambaye shi, babu mai gode masa. Sa hannu ɗaya ya isa ya raba shi da hatsarin. Ya zaɓi ya zauna da shi shekara da shekaru.

Sai a ƙarshen shekarun 1980, da Tarayyar Sobiyet ta fara sassautawa, labarin ya fito. Bayan Lituweniya ta sami 'yanci aka tabbatar da shafuka wajen 250,000. Nan take gardama ta tashi. YIVO ta New York ta ce kayanta ne da aka sace, Lituweniya ta ce tarihin ƙasarta ne, kuma ɗan ƙasarta ne ya tserar da su. Kowanne yana da gaskiyarsa, aka yi shekaru ana ja-in-ja. Maslahar da aka cimma daga baya ita ce takardun su zauna inda suke, a gyara su, a ɗauki hoton kowane shafi na Vilna da na New York, a haɗa su wuri ɗaya a intanet. Ana tsakiyar wannan aiki, a watan Oktoba 2017, aka sanar da gano wasu shafuka 170,000 daga cikin ajiyar Ulpis, waɗanda ba a taɓa tantancewa ba. An kammala aikin a watan Janairu 2022, shafi miliyan 4.1, kowa yana iya dubawa kyauta.

Mutanen Rundunar Takarda ba su ga wannan ba. Kaczerginski ya tattara waƙoƙin da aka rera a geto da sansanoni ya buga su a 1948, ya koma Ajantina, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1954 yana ɗan shekara 45. Sutzkever ya yi tsawon rai, ya rasu a Tel Aviv a 2010.

Cikin abin da aka gano a 2017 akwai katin gaisuwa da hannun Chagall, da wasiƙun Sholem Aleichem, da littafin ilmin taurari na 1751, da waƙoƙin da Sutzkever ya rubuta da hannunsa a geto. Amma wadda ta fi taɓa ni wata yarjejeniya ce ta 1857 tsakanin 'yan garuwan Vilna da wata makarantar addini mai suna Ramayles. 'Yan garuwan sun yi alkawarin samar wa makarantar kwafin Attaura da kundin Talmud, ita kuma ta ba su ɗaki su riƙa ibadarsu. Mutanen da ba su da komai sai kafaɗa da bokiti, sun haɗa kuɗi sun sayi littattafan da wataƙila yawancinsu ba za su iya karantawa ba, aka rubuta aka sa hannu. Babu littafin tarihin da zai tuna da su. Wannan takarda ce kaɗai shaidarsu, kuma ta kai gare mu ne domin wani ya ga ta cancanci a ɗauka.

Akwai kuma wani ɗan littafin makaranta. Wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Beba Epstein ta rubuta tarihin rayuwarta a ciki a shekarar karatu ta 1933 zuwa 1934, tana ba da labarin kakanninta, da rashin jin ta, da hutun da suke zuwa. Masu tantancewa sun ɗauka ita ma Ponar ta cinye ta, kamar yawancin sa'o'inta. Da jarida ta buga labarin a Amurka, sai ga iyalinta sun bayyana. Ashe ta tsira daga geto da sansanonin bauta, ita kaɗai a gidansu, ta isa Amurka, ta yi aure ta haihu, ta yi aikin taimakon jama'a a Los Angeles. A 2020 YIVO ta buɗe gidan tarihinta na intanet da labarin wannan yarinya. Beba ta rasu a 2012, shekara biyar kafin a gano littafin nata.